Imel Ya Gyaru, Ɗakina Ya Yi Shiru

Assalamu alaikum mai gabatar da wanga shiri, barka da aiki. Sani ne daga Badariya, Birnin Kebbi.

Shekara tara ina kula da na'urar imel ta wani kamfanin casar shinkafa a hanyar Argungu. A ɗan ɗakina na wurin aiki take. In an ɗauke wuta saƙo ya tsaya, sai ka ga mutane a ƙofa: "Malam Sani, ta sake maƙalewa!" Kafin in gyara mun gaisa, mun tambayi iyali, Madam Rifkatu sakatariya har gyaɗa take kawo mini.

Ni da bakina na shawarci maigida mu miƙa imel ɗin ga wani kamfani na waje ya riƙe mana. Aka yi, kuma wallahi bai sake tsayawa ba.

Wata uku ke nan ba wanda ya leƙo ni. Jiya har na kama wayar intanet zan zare, don kawai wani ya shigo. Kunya ta kama ni, na saki.

Jama'a, ku ba ni shawara. Sannan a gaishe mini da abokan aikina. Na san suna saurare, ina jiyo rediyonsu ta bango.