Cibiyar da Aka Binne a Sheshe

A bencin asibiti Malam Abdulbaƙi ya zauna riƙe da katin ɗansa mai sikila. Wani dattijo mai neman abokin hira ya matso.

"Malam, jikin yaron ne?"

"Shi ne, Baba. Likita ya ce da an ɗebi jinin cibiyar ƙanwarsa ranar haihuwa, da an reni ƙwayoyinsa a ɗakin gwaji su yi yawa, a ƙara masa."

"Ikon Allah! Ina cibiyar?"

"A gida aka haihu, a unguwar Sheshe. Innata ta wanke ta tas, ta binne a bayan ɗaki."

"Ta kyauta, haka ake yi. Sai ku sake haihuwa."

"Uwar ba ta kai ranar suna ba, Baba."