Taku Arba'in na Tabki Ne

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Shugaban wannan zama, mai garinmu Umda Abdul-Tawwab Mi'awwad. Limaminmu Shehi Gabir. Shugaban masunta Rayyis Sha'aban. 'Yan'uwana masu gidaje da masaukan baƙi a bakin tabkin Ƙarun. Iyayena mata da kuka bar burodi a tanda kuka zo. Ni Nabawiyya, uwar Hamdi, matar marigayi Uwais, ina yi muku sallama irin ta Musulunci.

Godiya ta farko ga Allah. Ta biyu gare ku, domin yabon gwani ya zama dole.

Abu na farko, mu tuna abin da muka gada. Kakanninmu sun ce taku arba'in daga bakin ruwa hurumin tabki ne: ba a gini, ba a haƙa masai, ba a yanke kyauro. Kuma ba a awon sai da hunturu, lokacin da tsuntsaye suka sauka, ruwa ya cika ya kai iyakarsa. Mu kuwa, 'yan zamani masu wayo, sai muka riƙa awo da bazara, sa'ad da ruwa ya ja da baya. Mun taka arba'in ɗin daram, mun rantse mun cika al'ada, alhali a cikin shimfiɗar tabki muke tsaye. Muka share kyauro don baƙon Alƙahira ya hango ruwa yana shan shayi, muka zuba siminti, muka haƙa masai. Ruwa ba ya tsami banza. Gaɓa ta zaizaye, bakin ruwa ya yi kore yana wari, karfasa ta rasa wurin ƙwai ta bar mana gaɓarmu.

Abu na biyu, abin da kuka yi, kuma shi ne yake sa ni ɗaga kai a ko'ina. Ba hukuma ce ta zo da motar rusau ba. Ku ne, gida sha bakwai, kowa ya ɗauki guduma ya fasa katangarsa da hannunsa. Ku ne kuka cike ramukan masai kuka mayar da su kan tudu. Ku ne kuka shiga taɓo har gwiwa kuna dasa kyauro, har da Hajji Ramadan, wanda tun da aka haife ni ban taɓa ganin laka a rigarsa ba. Bana yaranmu sun yi wanka ba ƙaiƙayi, kuma masunta sun ga 'ya'yan kifi a gindin kyauro. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kun nuna wa duk gaɓar nan haka.

Abu na uku nawa ne, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Gidajen bakin ruwa goma sha takwas ne, ba sha bakwai ba. Na sha takwas ɗin ku duka kun san shi, kuna wucewa kuna kawar da kai. Rumfar dutse ce da Uwais ya gina da hannunsa shekarar da muka yi aure, a taku na ashirin da shida in an auna da hunturu. Nan yake gyaran taru, nan ya yi jinyarsa ta ƙarshe, nan nake zama in na yi kewarsa. Shekara biyu ina yawo gida gida ina yi muku faɗa, babu wanda ya buɗe baki ya ce mini uffan, don kunyar marigayi. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hango naku.

Sai makon jiya Rayyis Sha'aban ya tsaya da jirginsa a gabana. Na ce, "Baffa, bismillah ga shayi." Ya ce, "A'a 'yata, ba na shan shayi a gidan aro." Na ce, "Wane irin aro kuma? Gidan mijina ne." Ya ce, "Uwar Hamdi, ni na riƙe wa mijinki igiya ranar awon nan. Na ce masa bazara ce, ya ce in rufa masa asiri, amarya na son kallon ruwa. Kin gani, tun farko ke ce mai laifin." Na yi dariya, sannan na yi kukan da ban yi ba tun arba'in ɗinsa.

Wallahi rushe rumfar nan yana yi mini zafi. Amma saboda ni aka ci hakkin tabki, kuma ba zan bar Uwais ya amsa tambayarsa shi kaɗai ba. Don haka da zarar an shafa fatiha, kada kowa ya nufi wajen abinci. Ku biyo ni. Dutsen farko ni zan cire, sauran ku taya ni, don ƙarfina ba zai kai ba.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya yafe mana abin da muka ci na ruwa da sani da rashin sani. Allah Ya tsarkake tabkinmu, Ya cika tarun masuntanmu, Ya mayar da kowa gidansa lafiya. Allah Ya gafarta wa Uwais, Ya ba shi inuwar da ta fi wadda zan rushe yau.

Na gode.