Wayar da Ta Kashe Ƙugi

Ranar kasuwar Tsamiya ina jiran motar Bagudo, na ji wani dattijo yana faɗa da mai kayan rediyo.

"Ni dai ba ni tsohuwar wayar sifikata, ga taka."

"Baba, mi ta yi? Kai ka ce sifika na maka ƙugi. Na zaɓo maka gajera mai kauri, mai rufin ƙarfe daga ciki. Na ce kada ta bi kusa da wayar sola. Ƙugin bai tahi ba?"

"Ya tahi."

"To mi ne na faɗa?"

"In an gama labarai na rage murya, ɗakin sai ya yi tsit. Da kuwa ana jin zuuu."

"Ikon Allah! Mutane na zuwa tun daga Segbana neman irin wagga waya, kai kana maido ta? Taka ma ga ta can, na ɗaure rumfa da ita."

"Kwance min."

"Duk ta tsattsage, Baba. Iyali ba za su gode maka ba."

"Matata Mero ce mai ƙorafin. Shekara ukku tana cewa ƙugin na hana ta sakat, ina cewa sai an yanke shinkafa in sayi sabuwar waya. Watan jiya muka kai ta makwancinta."

Mai kayan ya miƙe, ya fara kwance ƙullin.

"Allah shi gafarta mata. To Baba, in ƙugin ya dawo, wa za ya yi maka ƙorafin?"