Zuciyar da Ba Ta Son Hutu

A tashar Kura, wani dattijo da wani magidanci suna jiran motar Kano, dukansu asibiti za su.

"Baba, kai ma zuciyar ce?"

"Ita ce. Sai ta kama fat-fat, ba tsari."

"Irin tawa ke nan. Da na shiga rigimar rabon ruwan rani sai ta tashi. Ungo ƙwayata, tana kwantar da ita."

"Riƙe abinka, ɗana. Likita ya ce jijiyoyi biyu ke jan zuciya, ɗaya tana zaburar da ita, ɗaya tana rage mata gudu. Kai ta farkon ce ke damunka. Ni sai na ƙoshi na kishingiɗa take tashi. Maganinka ƙara min zai yi."

"To ka riƙa motsawa mana."

"Ina? 'Ya'yana sun karɓe gonar tumatir, wai in huta. Tuwo har ɗaki, tabarma a inuwa."

"Ba ka gaya musu ba?"

"Yaya zan ce musu tausayinsu ne ke kayar da ni?"

Magidancin ya ce, "Jibi muke rabon ruwa a Bunkure. Ka zo ka tsaya min a rigimar, ni in kishingiɗa."

"Yaushe ake buɗe ruwan?"