Na Ga Waɗanda Suka Karya Hannun Babana

Assalamu alaikum Malam mai karanta wasiƙu, barka da aiki. Don Allah kar ka faɗi sunana, domin ko Innata ban gaya wa wannan magana ba.

Babana marini ne a Ƙofar Mata. Ranar zaɓe aka ce kowane magidanci ya tsaya a bayan wanda yake so, kowa yana kallo. Baba ya tsaya a bayan ɗan takarar talakawa. Washegari samari uku suka tare shi a lungu, ina bayan katanga da tulun ruwa. Na ji ɗaya ya ce, "Shi ne, dubi shunin hannunsa." Suka karya masa hannun. Mai maganar ɗan kawuna ne, har dubiya ya zo yana cewa, "Sannu Baba, Allah ya tona asirinsu."

Tun ranar na kasa zama wuri ɗaya. Mu mata ba ma zaɓe, amma wasu mata a unguwar Jakara suna neman shaida don su kai ƙarar masu dukan mutane saboda zaɓe. Masu sauraro, ina tsoron zumunci ya lalace, ku taya ni da addu'a. Na dai rubuta sunayen ukun a takarda, gobe zan kai wa matan nan.