Mota Ta Mutu a Hawan Gada

A hawan gada motar wata mata ta sake mutuwa, tana zamewa baya. Direban babbar motar da ke binta ya diro a fusace.

"Baiwar Allah, kashe mu za ki yi? Taka birki! Sau uku kina sakin kuloci kamar kin taka wuta. Wa ya koya miki tuƙi?"

Ta ce, "Ga shi kwance a baya. Maigidana ne, kwana huɗu da fara koya min. Ƙirjinsa ya riƙe, asibiti za mu."

Direban ya leƙa ya gan shi, sai ya buɗe ƙofar gefenta.

"Ja birkin hannu, ki matsa can."

"Motarka fa? Ta tare hanya."

"Su yi ta hon."