Mota Ta Uku

A tashar bas, wata mata ta juyo wajen dattijon da ke zaune kusa da ita a benci.

"Baba, mota biyu sun wuce ba ka shiga ba. Ina za ka?"

"Asibiti. Sakamakon gwajina ya fito, sun ce in je."

"To ai ta farkon can ta nufa."

"Wa ya sani? Sukan canza hanya. Ni ba na shiga mota da ka."

"Ta biyun fa?"

"Direban bai kwanta mini ba."

"Haba Baba! Ga ta uku nan tafe. Ka tambayi direba kawai, ka huta."

Dattijon ya gyara zama, ya kwantar da sandarsa a cinya.

"'Yata, in na tambaya ai faɗa mini zai yi."